Tarihin Cif Solomon Alonge, Mai Ɗaukar Hoton Fadar Benin

Masu karatu da yawa, musamman dattawan ƙasar Kano, tun daga cikin Birni har Wudil da Gaya, za su iya tuna irin hoton nan na dā wanda akan ɗauka baƙi da fari, sa'an nan mai hoto ya zauna da ɗan burushi ya shafa masa launi da hannunsa. Sai ka ga mace zaune bisa kujera, an sa wa kallabinta ja, an sa wa zanenta kore, an ɗiga ruwan zinariya a 'yan kunnenta, amma fuskar tana nan yadda akwati ya kamo ta. Yau wannan sana'a ta kwanta dama, gama ko yaro ƙarami yana yawo da abin ɗaukar hoto mai launi cikin aljihunsa. To, cikin 'yan Nijeriya da suka yi suna a kanta akwai wani mutumin Benin, Cif Solomon Osagie Alonge, wanda aka haifa a 1911, ya rasu a 1994. Ya yi kusan shekara 50 yana ɗaukar hoton Sarkin Benin da fadawansa, ya kuma ɗauki hoton matan garin cikin adonsu, tun daga 'ya'yan sarki har 'ya'yan talakawa.

Benin ɗin da muke magana ba ƙasar nan ta yamma da mu ba ce wadda dā ake kira Dahomey. Tsohon birni ne a kudancin Nijeriya, na kabilar Edo, sarkinsu kuwa Oba suke ce masa. Ba za a gane darajar aikin Alonge ba sai an san abin da ya sami garin shekara 14 kafin a haife shi. Cikin watan Janairu 1897 mutanen Benin suka kashe wani Baturen mulki, James Phillips, da yawancin waɗanda ke tare da shi, a kan hanyarsu ta zuwa birnin. Wata bai cika biyu ba Ingilishi suka aiko da yaƙi a ƙarƙashin wani hafsan jiragen ruwa, Harry Rawson, cikin rundunar kuwa har da sojan nan baƙar fata da Turawa ke kira Hausa. Aka ci garin cikin Fabrairu, fada ta ƙone, aka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa aka kai Turai aka sayar. Waɗannan kaya ba na ado ba ne kawai, a jikinsu ne mutanen Benin suke ajiye kamannin sarakunansu da labarin yaƙe-yaƙensu, watau su ne littattafan tarihinsu. Oba Ovonramwen ya ba da kai daga baya cikin shekaran nan, aka kai shi Kalaba, can ya zauna har ya rasu a 1914. Mutumin Kano ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan, don shekara 6 bayan wannan, cikin Fabrairu 1903, Turawa suka shiga Kano, aka kama Sarki Alu aka kai shi Yola, sa'an nan Lokoja, inda ya cika a 1926.

Akwai hoton Ovonramwen da aka ɗauka cikin jirgin ruwan da ya tafi da shi, yana zaune, soja na tsaye suna gadinsa. Wanda ya ɗauka wani ɗan Afirka ne, Jonathan Adagogo Green, mutumin Boni. Hoton ya bazu a Turai, ya zama shi ne fuskar Benin a idon duniya: sarki kamamme. Daga nan za a iya gane abin da ya sa sarakunan da suka biyo baya suka so a sami nasu mai hoto, ɗan gari, wanda zai nuna su yadda su suke so a gan su.

Alonge ya yi karatun elementare a makarantar mishan ta Baptist a Benin. Da ya kai shekara 14 aka aika da shi Ikko wurin wani ɗan'uwan iyayensa, can kuwa ya shiga koyon ɗaukar hoto. Ikko a lokacin nan ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Tun 1895 George Da Costa, wanda dā shi ne mai kula da kantin littattafai na mishan ɗin C.M.S., ya buɗe shagon hoto, ya ɗauki hotunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa da ta nufo Arewa. Akwai kuma Walwin Holm, wanda ya zo daga Ankara ta Gwalkwas. Saboda haka yaron ya tarad da sana'a mai iyayengiji, kuma baƙar fata ne ke riƙe da ita. A 1930 ya komo gida, yana ɗan shekara 19, ya fara aiki a gidan da yake zaune a titin Ugbague.

Ya kamata mu tsaya kaɗan mu duba wahalar aikin a wannan zamani, don wanda bai gani ba ba zai yarda ba. Akwatin hoton babba ne, na katako, mai ƙafa uku, mai hoto yakan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle kafin ya ga abin da zai ɗauka, ya kuwa gan shi a juye, kai ƙasa ƙafa sama. Ba a fim ake ɗauka ba, a fallen gilashi ne wanda aka shafe da magani, gilashi ɗaya hoto ɗaya. In mutum ya motsa, ko ya ƙifta ido, an yi hasarar gilashi, ga shi kuwa daga Turai ake kawo shi. Alonge yakan ɗaura kayan nan a basukur ya bi makarantu da wuraren taro da bukukuwa. Babu lantarki a Benin sa'ad da ya fara, don haka da hasken rana yake ɗauka, da dare ya wanke gilashin da taimakon fitilar kananzir. In dodon hoton ya fito, watau inda fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari, sai a ɗora shi bisa takarda mai magani a ba shi haske, a wanke takardar a shanya. Kafin a kai ga haka kuma gwani yakan ɗauki fensir mai tsini ya bi fuskar da ke jikin dodon, ya share ƙuraje, ya sassauta tamoji. Aikin haƙuri ne ƙwarai, Alonge kuwa ya ƙware a kansa.

A 1933 Oba Eweka II ya rasu. Shi ne ɗan Ovonramwen da Turawa suka yarda aka naɗa a 1914, shi ya sake gina fada, ya kuma ƙarfafa wa maƙeran tagulla da masassaƙa gwiwa su koma aikinsu. Alonge ya ɗauki hotunan bukin jana'izarsa, ɗansa kuma da ya gaje shi, Oba Akenzua II, ya ɗauke shi mai hoton fada. Akenzua ɗan boko ne, ya yi karatu a King's College ta Ikko, ya san abin da hoto ke iya yi wa sarauta a jarida da ofishin Razdan. Alonge a lokacin yana da shekara 22 kacal. Ya zauna a wannan matsayi duk tsawon sarautar Akenzua, shekara 45.

To, a nan ne maganar launi ta shigo. Adon Sarkin Benin murjani ne. Hularsa ta murjani, rigarsa ta murjani saƙaƙƙe, wuyansa cike da murjani har haɓa, haka hannu da ƙafa. Matan sarki da 'ya'yansa mata su ma da shi ake gane su, har a cikin kitsonsu, irin wanda suke kira okuku, wanda akan tayar da gashi sama a jera masa duwatsun. Jan nan shi ne alamar mulki, ba kowa ke da izinin sa shi ba. Amma irin gilashin da yawancin masu hoto ke aiki da shi a wancan zamani yana da wani hali: ba ya ganin ja. Abin da yake ja sai ya fito baƙi ƙirin, shuɗi kuma ya fito fari-fari. Wannan hali yana da amfaninsa, don shi ya sa ake iya wanke gilashin a gaban jar fitila ba ya ɓaci. Amma ga sarkin da duk kwarjininsa ke cikin ja, hasara ce babba. Sai ya fito kamar wanda ya yi ado da gawayi. Ba abin da zai mayar wa murjani da jansa sai hannun mutum. Abin ya ƙara nauyi a 1938, shekarar da aka komo wa Akenzua da waɗansu kayan murjani na kakansa Ovonramwen daga Ingila.

Ba Alonge ya ƙago dabarar ba. Tun da aka bayyana sana'ar hoto a Faransa a 1839 mutane suka yi ta ƙorafin rashin launi, ba a daɗe ba masu zane suka fara shafa shi da hannu. Inda abin ya kai matuƙa shi ne Japan. Wani Bature haifaffen Italiya, Felice Beato, ya sauka Yokohama a 1863, ya ɗauki masu zanen ƙasar aiki, suka riƙa sa launi a hotunan matan Japan cikin dogayen rigunansu na siliki, ana sayar wa baƙi masu yawon duniya. Fim mai launi na sosai, irin Kodachrome, bai fito ba sai 1935, ya kuma daɗe yana da tsada, wankinsa sai a Turai ko Amurka. Saboda haka a ƙasashenmu burushi ya ci gaba da aiki shekaru da yawa bayan nan.

Yadda ake yi kuwa, akan buga hoton a takarda marar santsi, don launi ya kama. A dama launin ya yi ruwa-ruwa ƙwarai, yadda inuwar hoton za ta riƙa bayyana ta ƙarƙashinsa, gama in ya yi kauri sai ya rufe zanen tufa da ninkinta, hoton ya koma kamar fentin bango. Wuri mai faɗi, kamar zane ko labule, da auduga ake goga shi. Ƙananan abubuwa kuwa, irin dutsen wuya da zobe da bakin kallabi, sai burushi mai bakin allura, ɗaya bayan ɗaya. Mai karatu ya ƙiyasta yawan duwatsun da ke jikin rigar Oba, ya ga ko awa nawa mutum zai yi a sunkuye.

A 1942 Alonge ya buɗe shagonsa, ya sa masa suna Ideal Photo Studio. Nan ne mutanen gari suka riƙa zuwa, ma'aikatan En'e da malaman makaranta da 'yan kasuwar roba da katako, da 'yan kulob ɗin nan na Benin Social Club wanda shi kansa yana cikin waɗanda suka kafa shi. Yana da labule mai zane da akan rataya a baya, da kujera da sauran kayan jingina. Amma a ganinmu hotunan mata su ne suka fi komai daraja cikin abin da ya bari, ko da yake hotunan fada sun fi su suna. Dalili kuwa shi ne tufar sarki ba ta sakewa, abin da kakansa ya sa shi zai sa. Tufar mata kuwa kowace shekara da yayinta, kuma ba mai rubuta ta a littafi. Zane yakan tsufa a yi tsumma da shi, mai shi ta mutu, sunan yayin ya ɓace. In ba a hoto ba, ina za a same shi?

Cikin hotunan nan ana ganin zamani yana juyawa a jikin mata. Ga masu ɗaurin ƙirji irin na gargajiya da murjani a wuya. Ga masu buba da zane da gwaggwaro irin na Yarabawa, wanda ya biyo hanyar Ikko. Ga leshi da karan-miski, ga 'yan makaranta da rigar kanti irin ta Turawa, da takalmi mai tsini da jakar hannu da agogo. Sau da yawa mace ɗaya takan haɗa biyu ko uku a jikinta, ba ta ga wani saɓani a ciki ba. Akwai kuma hotunan ƙungiyoyi, mata sun yi anko, kowa da irin zanen 'yar'uwarta.

Ɗaya daga cikin hotunan ya isa a yi masa magana shi kaɗai. Wata 'yar Oba Eweka II ce, ta ɗaura zanen da aka buga don tunawa da naɗin Sarkin Ingila George VI, wanda aka yi cikin watan Mayu 1937. A duba fa: jikar Ovonramwen ce, wanda sojan Ingila suka kama shekara 40 kafin nan, ga ta kuma sanye da zanen bukin sarautar Ingila. Wani zai ce biyayya ce, wani ya ce yayi ne kawai, zanen da ya fi kowane tsada a kasuwa a shekaran nan shi 'yar sarki za ta ɗaura. Mu dai mun fi karkata ga na biyun, don wanda ya san mata da atamfa ya san ba kullum suke tambayar abin da aka zana a jiki ba, in dai ta yi kyau kuma ba kowa ke da ita ba. Ita kanta atamfar baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Asalin dabararta daga tsibirin Jawa ne, masaƙun Holan da na Manchesta suka kwaikwaya da inji suka riƙa kawowa Afirka ta Yamma, mu a Arewa ba mu sami babbar masaƙa ta zamani ba sai da aka buɗe ta Kaduna a 1957. Akwai kuma wani hoto da ya yi suna, na wata budurwa 'yar shekara 16, wanda aka ɗauka wajen 1950, Alonge ya sa masa launi da hannunsa. Ba 'yar sarauta ake nunawa a nan ba, yarinya ce ta ci ado ta zo a ɗauke ta yadda take so a tuna da ita.

Wannan shi ne bambancin aikinsa da na Turawa masu yawo da akwati a farkon zuwansu. Su sukan tsai da mace a bakin hanya su ɗauke ta, a buga a kati a rubuta sunan kabilarta a ƙasa, ba sunanta ba, ita kuwa ba za ta taɓa ganin hoton ba. Wadda ta shiga shagon Alonge da ƙafarta ta zo, da kuɗinta, ita ta zaɓi zanen da za ta ɗaura, hoton kuma ɗakinta za shi. Amma fa kada mai binciken tarihi ya saki jiki da launin da ya gani. Burushi ba shaida ba ne kamar gilashi. Mai hoto yana iya mantawa da launin zane kafin ya zo shafawa, ko ya ga kore zai fi kyau a inda shuɗi yake, ko mai hoton ta roƙa a mayar mata da azurfa zinariya. Siffar tufa da ɗaurinta gaskiya ne, launi kuwa sai a haɗa da wata shaida.

In muka waiwayo gida za mu ga abin ya sha bamban. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da aka haifi Alonge, aka kafa Sabon Gari ba da daɗewa ba, masu sana'o'in zamani daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo suka zauna a can. Amma matan aure na cikin Birni suna kulle, malamai da yawa kuma ba su sake da hoto ba. Saboda haka adon matan Hausa na waɗannan shekaru bai shiga akwati da yawa kamar na matan Benin ba. Saƙi da tsamiya da barage, da fatala da yadda ake naɗa ta, yawanci sai a bakin tsofaffi. Ko da an ɗauka ma, akwai abin da ya fi ƙarfin gilashi da burushi duka, watau ƙyallin baƙin zanen Kura, wanda marina suka rina mabuga suka buga har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Wanda ya taɓa ganinsa da rana a kasuwar Wudil ran Juma'a ya san ba launi ɗaya ba ne, yana sakewa da motsin mai shi.

Sauran rayuwar Alonge ta tafi tare da tarihin ƙasa. Gwamnatin Turawa takan kira shi ɗaukar hotunan fareti da bukukuwa. A 1956, cikin ziyarar nan da Sarauniya Elizabeth ta kalli hawan daba a Kaduna, ta sauka Benin, ya ɗauki hoton Akenzua yana gaisawa da ita a filin jirgin sama, ya kuma sa masa launi, murjanin Oba ya fito ja wur. Ya ɗauki Gimbiya Alexandra a 1960, shekarar mulkin kai. Yana nan aka yanke Jihar Tsakiyar Yamma a 1963, Benin ta zama hedkwata. Yana nan sojan Biyafara suka shiga garin cikin Agusta 1967, rundunar Murtala Muhammed, mutumin Kano, ta fitar da su cikin Satumba. Akenzua ya rasu a 1978, aka naɗa ɗansa Erediauwa a 1979. Daga wajen 1980 injunan wanke hoto mai launi suka cika garuruwa, aka daina neman mai burushi.

Gilashi abu ne mai saurin fashewa, damshin Kudu kuma yana cin maganin da ke jikinsa. Duk da haka Alonge ya adana nasa. Wata Ba'amurkiya mai binciken al'adu, Flora Kaplan, ta Jami'ar New York, wadda ta daɗe tana aiki a fadar Benin, ta san shi tun yana da rai, ta yi rubutu a kan hotunansa, ta jawo hankalin masana gare su. Bayan rasuwarsa da shekara 15, watau a 2009, gidan adana kayan fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washinton ya karɓi tarin daga hannun iyalinsa: dodon hoto wajen 2,000, na gilashi da na fim, da bugaggun hotuna fiye da 100, waɗansu masu launin hannu, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1926 da 1989. Lalle akwai abin dubawa a nan, gama ga tarihin Benin ya sake haye teku, ko da yake wannan karo ba da bindiga ba. Cikin Satumba 2014 aka buɗe nunin hotunan a Washinton. A 2017 kuma, zamanin Oba Ewuare II, jikan Akenzua, aka kawo kwafinsu gidan tarihi na ƙasa da ke Benin aka kafa, mutanen gari suka shiga suna duba fuskokin iyayensu da kakanninsu mata, da zannuwan da suka ɗaura ran da suka je shagon Alonge.